Tsayin Sirdin Khalifa

Lahadi, 3 ga Agusta, da hantsi

Yau Khalifa ya wuce ni.

A hawan nan na kafin Lambar Bakura ne, inda kowa ya san nan nake zubar da mutane. Na ji ƙarar sarƙarsa a bayana, na ji ta a gefena, sai ga bayan rigarsa a gabana. Ko haki ba ya yi. Har juyowa ya yi ya ce, "Yaya, taho mana!" kamar mai jiran tsoho a hanyar masallaci.

Khalifa fa! Ƙanin matata Hindatu, wanda na koya wa hawan keken tsere, na ba shi tsohon kekena da na sayi wannan. Yawancin tuwon da ya zama cinyoyin nan nasa a gidana aka tuƙa shi. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, don na ce masa madalla a gaban kowa.

Sai dai ranar talatin ga wata ne tseren shiyya, daga Mafara zuwa Bakura a dawo. Mutum ɗaya tak za a ɗauka cikin mahayan Mafara da Bakura da Maradun ya wakilce mu a Gusau. Karo na ƙarshe da aka yi ni na ci, aka soke tafiyar saboda halin da hanya ta shiga, tun daga nan ba a sake yi ba sai bana. Yanzu na ba talatin baya sosai, ba na jin akwai wata baɗi a ƙafafuna. Kowa a ƙungiya ya san gurbin nan nawa ne. Aƙalla jiya kowa ya sani.

Litinin, 4 ga Agusta, bayan azahar

Mura ce take son kama ni, shi ya sa.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Ranar kasuwa, shago cike da masu karɓar ɗinki, sai ga Khalifa ya shigo yana washe baki, ya zauna a kan bencina yana ba ni labarin abin da ban tambaye shi ba. Wai wani Malam Tukur, mutumin Bakura, tsohon ɗan tsere da ya daɗe a Kaduna, ya dawo gida da wata sana'a: yana auna mutum, ya daidaita masa keke da jikinsa. Makon jiya Khalifa ya kai nasa.

"Wallahi Yaya, awa an sake man ƙahwahu," in ji shi. "Da can gwiwata tana ciwo, bayana shina ciwo, yanzu ba ko ɗaya. Ka tahi shi auna ka."

Na ce masa ni tela ne, ni nake auna mutane, ba a auna ni. Keke kuma ƙarfe ne, ba yadi ba. Masu jiran ɗinki suka yi dariya, shi ma ya yi. Da ya fita sai na ga na ɗinke aljihun rigar wani ta ciki, dole na farke.

Ba kishi nake ba. Ina dai mamakin yadda mutum zai biya kuɗi a ɗaga masa sirdi.

Alhamis, 7 ga Agusta, da yamma

Bayan atisaye 'yan ƙungiya suka ce a leƙa wurin Malam Tukur, tunda mun iso Bakura. Na bi su don in ga ƙaryar da idona.

A zaurensa yake aikin. Yana da wani ƙarfe da yake ɗaga tayar baya, mutum ya hau yana taka feda a wuri ɗaya, ba ya zuwa ko'ina. Mun tarar yana yi wa Manu, ɗan Fulanin nan na Kaya, siriri kamar karan dawa. Ya jingina shi da bango ya auna tsayin ƙafarsa, ya ɗauke shi a waya yana tuƙi, ya sako zare da noti a ƙarshensa daga kan gwiwarsa yana duba inda ya sauka. Sai ya ɗan ɗaga sirdi, ya ɗan tura shi baya, ya ɗan sauke kan keke, ya ce a sake takawa. Duk abin da ya taɓa bai kai faɗin yatsa ba, amma sai da muka gaji da tsayuwa.

Da ya gama ya zo ya gaishe ni da kyau, lahiya, ƙaƙa gida, ƙaƙa iyali, ƙaƙa damina, har na fara jin nauyinsa. Sannan ya ce, "Malam Muttaka, na ji labarinka tun ina Kaduna. Hau in ga zamanka."

Na ce zamana ne ya ci shiyyar nan tun kafin a san da zare da noti. Ya yi murmushi, ya ce ba laifi, ƙofa a buɗe take.

Ba kuɗin ne ya hana ni ba. Yaya zan hau ƙarfen nan a gaban yaran da na raina, ana ɗaukata a waya, in bi sahun Khalifa? Gobe a ce shi ya nuna min hanya.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Ya sake wuce ni. Wannan karon har Manu ya biyo shi, da ƙyar na tsare na biyu.

Muna isowa gida Hindatu ta tambaye shi yadda aka yi, ya fara noƙe-noƙe, ta gane, ta rangaɗa guɗa a tsakar gida. A gidana. Da ta ga fuskata ta ce, "Haba Baban Muhida, ai ɗanka na, kai kar rene shi." 'Yarmu Mufida kuma ta yini tana zagaya turmi a guje, wai ita ce Kawu Khalifa. A da kuwa ita ce Baba.

Na ce kaina na ciwo, ban ci abincin rana ba.

Talata, 12 ga Agusta, bayan azahar

Na daɗe ina kallon kekensa duk lokacin da ya jingina shi a zaure. Sirdin ne. Da can a ƙasa yake kamar nawa, yanzu ya yi sama, an naɗa wani farin tef a ƙarfensa don kada ya zame. Turawan da muke kallo a waya ma haka suke zama, can sama kamar a kan raƙumi. Ashe duk asirin Malam Tukur ke nan, sauran zare da waya ado ne don a ga ya yi aiki.

Yau Khalifa ya zo cin abinci, yana ciki yayarsa na ƙara masa miya. Tef ɗin awona na rataye a wuyana kamar kullum. Ban san lokacin da na tsugunna ba. Daga tsakiyar feda zuwa saman sirdi, na auna, na sake aunawa, na riƙe a kai. Ya fi nawa da kusan yatsu uku.

Na san ya fi ni tsayi. Na sani sarai, ni nake ɗinka masa wando. Amma ƙafa ai tana sabo.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Na ɗaga. Ƙarfen sirdina yana da zoben tsatsa daidai inda ya zauna shekara da shekaru, kuma da na ɗaga sai zoben ya fito fili, duk wanda ya duba zai gane. Na sa sanfefa na goge shi tas har ƙarfen yana ƙyalli.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Allahu Akbar! Yau na ji abin da yake ji. Kamar an ƙara min tsawon ƙafa, kowane taku sai keke ya yi gaba fiye da yadda na saba. Gonakin shinkafa suna wucewa ta gefena kore shar, iska na dukan ƙirjina, na ji ni kamar shekarar da na ci. A hawan Lamba ina manne da tayarsa har sama, ya juyo ya gan ni, ya ce, "Yauwa, Yaya ya dawo!"

Da gaske yake murnar, shi ne abin da ya fi ba ni haushi.

To ga amsar masu tambaya ko awon Malam Tukur yana da amfani. Tef ɗin tela ma ya isa.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Lafiya lau.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan azahar

Mun iso tare, taya da taya. Alhaji Hamma, shugaban ƙungiyarmu, ya ce bana za a sha kallo, surukai biyu a kan gurbi ɗaya. Kowa ya yi dariya.

Akwai wani abu a bayan gwiwar dama, kamar an ja zare ya yi tsauri. Ba komai ba ne. Sabo ne bai gama zuwa ba.

Talata, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Da ƙafar hagu na yini ina taka keken ɗinki, ɗinkin duk ya karkace. A masallaci na kasa naɗe ta daman wajen tahiya, na miƙe ta gefe kamar tsoho, na kusa da ni ya tambaye ni lafiya. Na ce ƙaya na taka.

Khalifa ya wuce ta ƙofar shago a kan kekensa, hannu ɗaya a kai, ɗaya yana gaisawa da mutane. Masu shayi suna kiran sunansa. Ban san tun yaushe suka san sunansa ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Tunda hanya ta zama abin da ta zama, ba ma fita sai a ƙungiya, kuma sai rana ta fito. Yau Malam Tukur ya biyo mu a babur daga Lamba. Na ji shi a bayana ya daɗe, bai wuce ba. Da muka tsaya shan ruwa ya ja ni gefe, inda babu mai ji.

"Malam Muttaka, ƙugunka shina rawa bisa sirdi, dama da hagu. Ƙahwarka ba ta kai, miƙa ta kaka yi. Wa yad ɗaga maka shi?"

Na ce haka yake tun da.

Ya dubi ƙarfen da ke ƙyalli, ya dube ni. "Sirdin ga ba naka ba na. Na san tsayin ga, ni nib ba da shi, amma ba kai nib ba ba. Bayan gwiwa na, ko? In ka ci gaba, jijiyar tana iya ƙin yarda. Taho gida da sahe, ba kowa, ba ni karɓar komi."

 Na ce masa na gode, amma ya je ya kula da 'yan makarantarsa, ni na gama karatu. Ya tayar da babur ɗinsa.

Ba ya karɓar komai! Sadaka ke nan. Khalifa ya biya an yi masa da mutunci, ni a yi min a ɓoye kamar mai karɓar zakka.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan magariba

Hindatu ta kama ni ina gasa ƙafar da tsumma a bayan ɗaki. Ta karɓi tsumman ta ci gaba, ta aika aka kira Gwaggo Marka ta shafa min man shanu da wani ganye mai wari. Da Gwaggo ta tafi sai ta ce, a hankali, "Ka huta ma ƙahwar ga. Ko ka tahi wurin mutumin Bakura, tunda Khalifa yac ce ya iya."

Na ce, "Ki hito hili dai, ki ce in bar ma ƙaninki."

Ta ajiye tsumman a cikin kwano. Ta ce, "Allah shi ba ka haƙuri," ta shiga ɗaki. Shekarun nan duka ban taɓa gaya mata magana irin wannan ba.

Amma ban ji ta ce masa shi ya huta ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Ban fita ba. Ɗinki ya yi yawa.

An ce ya ba Manu tazara mai nisa. Ban tambaya ba, an dai gaya min.

Talata, 26 ga Agusta, bayan asuba

Na kulle zaure na ce bari in mayar da sirdin inda yake, ba don maganar kowa ba, don kaina. Na kwance noti, na sauke, sai na tsaya da sifana a hannu. Ina ne inda yake? Zoben tsatsar da zai nuna min na goge shi. Na auna na Khalifa sau biyu, amma nawa na ainihi da ido kawai na kwatanta. Na sauke kaɗan, na hau, ba shi ba ne. Na ƙara, na ji gwiwoyina suna neman haɓata. Na ɗan ɗaga, shi ma ba shi ba. Shekara da shekaru ina zaune a wuri ɗaya, yau na neme shi na rasa.

Tsayi ɗaya ne kawai na sani tabbas, kuma da shi na kamo Khalifa a hawan Lamba. Na mayar da shi can na ɗaure.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Ya zo shago, bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya ce Yaya Hindatu ta ce ba ni da lafiya. Ya ce in na yarda zai ɗauke ni a babur zuwa Bakura gobe. Ya ce, "Yaya, ni da za a ba ni zaɓi, kai nika so ka tahi Gusau."

Na ce ba na son kyauta, ya zo da ƙafafunsa duka biyu ranar Asabar.

Kishi nake. To na rubuta. Ina kishin ƙafafunsa, ina kishin shekarunsa, ina kishin yadda yake barci ba ya tunanina alhali ni da shi nake kwana da shi nake tashi. Ina kishin guɗar da matata ta yi masa.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Manu na Kaya ne zai je Gusau.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan azahar

A kwance nake rubutu, ƙafar tana kan matashi, an naɗe ta.

Mun tashi da hantsi, motar jami'an tsaro a gaba, motar ƙungiya a can baya tana kwashe waɗanda suka gaji. Na sha magani kafin mu tashi, har Bakura ban ji komai ba sai ɗumi. A dawowa mu uku muka rage a gaba, Khalifa, ni, Manu. Bayan Lamba Khalifa ya buɗe wuta, Manu ya fara ja da baya, ni na manne. Na ga bayan rigar nan tana neman yin nisa, na tashi tsaye a kan feda, na zauna, na taka da duk abin da nake da shi. Sai na ji wani abu ya tsinke a bayan gwiwa, na ji shi har a kunnena. Ƙafar ta ƙi dawowa. Keke ya kwashe ni muka faɗa kwalbatin gefen titi, cikin ruwan sama da ciyawa.

Wurin babu gida, babu kowa, dawa ce ta rufe hagu da dama. Motar gaba ta yi nisa, ta baya ba a ko hango ta. Kowa ya san abin da ake gudu a irin wurin nan. Ina kwance ina kallon sama na ji birki. Na ɗauka Manu ne. Sai na ga Manu ya wuce ta saman kaina, kansa a ƙasa, bai ma san me ke faruwa ba.

Khalifa ne ya juyo. Ya yar da kekensa a titi, ya sauko kwalbatin, ya sa hannu a ƙarƙashin hammatata. Na ce masa ya tafi, na zage shi, na ce zai iya kamo Manu in ya tashi yanzu, kuma gaskiya ce, zai iya. Ya ce, "Yaya, yi shiru. Ƙaƙa zan tahi gida in ce ma Yaya Hindatu na bar ka bisa hanyar ga kai ɗaya?" Ya zauna cikin laka da kaina a cinyarsa har motar ƙungiya ta iso.

Likita ya ce jijiya ce, sai an yi watanni. Da na tambaye shi batun keke sai ya ce in bari in fara iya tsugunno tukuna.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

'Yan ƙungiya sun roƙi Alhaji Hamma a sake tseren ko a tura mutum biyu. Ya ce gurbi ɗaya aka ba mu, kuma Manu bai yi laifin komai ba. Gaskiyarsa.

Malam Tukur ya zo dubiya da lemo. Ya ga kekena a zaure, tayar gaba ta lanƙwashe, sirdin yana nan a samansa. Bai gaya wa kowa ba, har yanzu mutane sun ɗauka rami na faɗa. Da zai tafi ya ce in na warke in zo, zai nemo min wurina. Wannan karon na ce to. Awon nasa yana da amfani, na gani a jikin Khalifa, na gani a jikin Manu, na kuma gani a nawa ta ɗaya hanyar.

Khalifa yana zuwa kullum, shi yake kama ni zuwa alwala. Jiya na ji shi a zaure yana waya da Manu, yana yi masa murna. Da ya shigo idonsa ja, ya ce ƙwaro ne ya faɗa masa.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan la'asar

Masu dubiya ba sa maganar Manu, ba sa ma maganar ƙafata sosai. Khalifa, Khalifa. Liman ya ambace shi a masallaci. Gwaggo Marka ta ce irin wannan yaro a haife shi ya fi a haifi goma. Ni kuma ina kwance ina cewa ƙwarai, haka ne, Allah ya saka masa. Da can gudunsa nake kishi, ina da abin da zan yi a kai. Wannan kuwa ban san ta inda zan kamo shi ba.

Ɗazu Hindatu tana canza min ɗauri, ta huce, har tana min tsiya wai na zama jaririnta na biyu. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mutane na ta mamaki, ni ban yi ba. Ai da shi na yah hwaɗi, kai ma da ka tsaya mai, ko ba haka ba?"

Na ce, "Ƙwarai."

Ta yi murmushi, ta ɗaure, ta fita ɗora tukunya.

Ƙarya na yi mata. Na san kaina a kan titin nan, na san abin da ke raina lokacin da nake kallon bayan rigarsa. Da shi ne ya faɗi, da na ji ƙarar, da na gane shi ne, kuma da na ƙara taka feda.